Abin da yaran ƙauyenmu suka koya mini a kan waƙa

Na fara koyar da waƙa a wata firamare da ke ƙauye kusa da Ringim da abin da na karanta a littafi: do-re-mi, raba muryoyi gida huɗu, biyu na sama biyu na ƙasa, da yadda ake kaɗa hannu. Sai a watan Mayun 2024, da aka dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, na gane ilimin nan bai ishe ni ba. Mako biyu ina tsaye a gindin darbejiya ina ɗaga murya har ta dushe, amma wasu na gaba, wasu na baya.

Wani dare na biyo ta dandali, na tarar da 'yan matan nan da suka gagare ni suna gaɗa. Ɗaya na bayarwa, sauran na amshi, tafi na sauka lokaci guda kamar luguden tabarya. Na tsaya na kura musu ido. Ashe kafin amshi, duk tare suke jan numfashi, kafaɗu su ɗaga a tare. Ni kuwa ban taɓa ba su wurin numfashi ba. Washegari na daina waƙa tare da su. In ɗaga hannu su shaƙi iska, in sauke su fara. Na riƙa ba su layi ɗaya su karɓa, yadda 'yan amshin Shata ke yi a bayan kalangu.

Waƙoƙin Hausa ma sun gyara ni. Harshenmu na da karin sama da na ƙasa, da dogon wasali da gajere. In ka tilasta wa kalma wani kari, sai ma'anarta ta karkace, yara kuma su ƙi riƙe ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne ɗan aji shida da muryarsa ta fara buɗewa. Na ce masa ya riƙa motsa baki kawai. Ya yi biyayya, amma ya daina ɗago kai. Wannan kuskurena ne, kuma na ba shi haƙuri a gaban 'yan uwansa. Na mai da shi layin baya, ya riƙe mana murya ta ƙasa. Ranar bikin yaye ɗalibai mahaifinsa ya zo daga gona da laka a ƙafa, ya tsaya a bakin katanga har muka sauke.