Abin da aikin akawu ya nuna mini game da rayuwar Aminu Dantata

Da labarin rasuwar Alhaji Aminu Alhassan Dantata ya iso Sakkwato ranar 28 ga Yunin 2025, abin da aka yi ta maimaitawa a rediyo da Facebook ƙarshen labarin ne: attajiri, uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wanda ya ba mutanen Borno naira biliyan ɗaya da rabi bayan ambaliyar madatsar Alau a 2024. Ya rasu a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka rufe a Baƙi'a. Allah ya jiƙansa. Ni kuwa da nake riƙe wa wani mai sayen albasa da hatsi littafin lissafi, farkon labarin ya fi ja mini hankali, musamman da yake ya ratsa ta garin nan.

A 1948, yana ɗan shekara 17, ya shiga kamfanin mahaifinsa a matsayin mai sayen amfanin gona. Mahaifin nan kuwa, Alhassan Dantata, ba wanda ya kai shi dukiya a Kano a lokacin, amma bai ɗora ɗansa a kujera ba, gaban sikeli ya tura shi. A 1955, shekarar da tsohon ya rasu, aka ba Aminu ragamar harkokin kamfanin a yankin Sakkwato. Lardin Sakkwato na wancan zamani ya haɗa har da Gusau da Kauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya, don jirgin ƙasa bai taɓa isowa birnin Shehu ba. Hukumar gwamnati ke yanka farashin gyaɗa, ita ke ba manyan masu saye lasisi. Ribar mai lasisi tana cikin yawan buhunan da ya tara da kuma ingancinsu, kuma ba ya tara su sai ya damƙa tsabar kuɗi a hannun ƙananan masu saye su shiga ƙauyuka, ya zauna yana jiran su dawo da kaya ko da labari.

Gyaɗa ta tafi, tsarin bai canza ba. Maigidanmu yakan ƙirga miliyoyi ya ba yaransa su nufi Wurno, Goronyo, Gada ko Kware, ba takarda, ba shaida sai ni da biro. A nan na gane iyakar littafina. Littafi zai ce buhu ɗari ya shigo. Ba zai faɗa maka an jera manyan albasa a baki an cusa ƙanana a gindi ba, ko cewa wadda aka cire da ɗanyen wuya za ta fara ruɓa kafin motar ta wuce Kontagora. Albasar da ta kwana wata uku a rudu, wato wurin ajiyarta, ta rage nauyi, wani kaso ya lalace, amma a takarda tana nan cif yadda aka zuba ta. Wanda bai taɓa zura hannu cikin buhu ya ji ɗumin ruɓa ba, duk iya kwamfutarsa, yaran kasuwa za su sayar da shi yana murmushi.

Sannan akwai manomi. Ka danne masa awo sau ɗaya, ba zai yi maka gardama ba, sai dai kasuwa mai zuwa ka hango jakinsa a rumfar maƙwabcinka, kuma ba shi kaɗai zai koma ba, da dangin matarsa. Na taɓa tambayar maigida dalilin da ya sa yake ci gaba da ba wani dattijo kuɗi alhali akwai matasa masu saurin kawo kaya. Ya ce, "Malam akawu, wanga tsoho in ya ce albasa ta bushe, ba ni buɗe buhu." Irin wannan sanin mutane nake jin ɗan attajirin Kano ya kwasa a shekarunsa na awo, kafin ya zama shugaban kamfanin a 1960 bayan rasuwar yayansa Ahmadu.

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun share dalar gyaɗa daga Kano, suka tafi da gidajen kasuwanci da dama. Na Dantata bai tafi ba, domin tun kafin nan ya sa ƙafa a kwangilar gine-gine, daga baya man fetur, har da hannunsa a kafa bankin Jaiz. Mu nan har gobe albasa ɗanya muke lodawa, fatar jar akuya ma haka, wasu su sarrafa su ci ribar.

Inda ban zaci aikina zai koya mini komai ba shi ne wajen kyauta. Da azumi ya kama, ƙofar shagonmu takan cika, kuma ni ke rubuta sunayen waɗanda za a ba zakka. Wanda ya fi kowa ɗaga murya sau da yawa ba shi ya fi buƙata ba. Mai buƙatar gaske tana can cikin gida da marayu, kunya ta hana ta fitowa, sai an tambayi liman ko mai unguwa. Ashe rabo ma yana son idon mai saye. Shi ya sa cikin ayyukan Dantata na fi girmama cibiyar wankin ƙoda da ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sunan mahaifinsa. Mai ciwon ƙoda yana bukatar wanki sau biyu ko uku a mako, injin kuma yana son wuta da ruwa mai tsabta da ma'aikata. Wanda ya zaɓi irin wannan kyauta ya zauna ya yi lissafi. Ambulan ɗin kuɗi da ake miƙawa a taro ita maroƙa suka fi so, ban kuma ce a daina ba, akwai wanda ita ce abincin darensa.

Na ji wasu 'yan boko na gunaguni wai yaya mutumin da karatunsa na zamani bai wuce firamaren Dala da darussan gida ba zai zama uban jami'a. Uban jami'a ba ya shiga aji, ba ya tsara jarrabawa, akwai shugaba da malamai don wannan. Abin da jami'a mai zaman kanta irin Al-Qalam, wadda aka kafa a 2005, take nema a wurinsa shi ne suna da zai sa iyaye su saki jiki, masu hannu da shuni su buɗe aljihu. Wannan kuwa a kasuwa ya samo shi.

Abu ɗaya ya rage da muke ta ja da maigida a kai. Bayan rasuwar Alhassan an raba wa 'ya'ya hannun jari, kamfanin kuma ya ci gaba da tafiya. A Tsohuwar Kasuwa kuwa kowa na iya nuna maka rumfunan da suka mutu ranar rabon gado, wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki sito, masu bashi suka ɓace. Na daɗe ina roƙon maigida mu yi wa harkar rajista, a rubuta wa ke bin wa. Rajistar dai har yanzu yana cewa sai bayan kaka. Amma babban ɗansa da ya gama Jami'ar Danfodiyo yana Gada bana, shi ke ɗinke bakin buhu.