Godiya ga waɗanda suka riƙe ƙananan kwamitocinmu

Alhamdulillahi, ƙananan kwamitocinmu masu aiki kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa sun miƙa rahotanninsu, kuma an sa hannu a kan takardar tura matashi daga wata hukuma zuwa wata. Ku da kuka bi lamarin tun babban taron farko kun san irin faman da aka sha, ba sai na maimaita ba. Jiki ya gaji tilis, amma hankalina ya kwanta.

Zaman kwamitin sirrin bayanai ne ya fi tsaya mini a rai. Ma'aikatan lafiya suka kafe cewa ba za su ba da sunan yaro ba sai da izini, malaman makaranta kuwa suka ce su ke wuni da yaran, yaya za a ɓoye musu? Murya ta fara tashi, har wani ya rufe littafinsa ya ɗauki makullin mota. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka aikin ya rushe ke nan. Sai wakiliyar iyaye, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta nemi a saurare ta. Ta ce ɗanta ya ba da labarin damuwarsa a makaranta, ya maimaita a asibiti, ya sake a ofishin walwalar jama'a, daga nan ya daina yi wa kowa magana. Mai makullin ya koma ya zauna. A ranar aka rubuta bayanin da za a raba, da wanda zai gani, da wanda zai ba da izini. Mu kaɗan ne a ɗakin, shi ya sa ta iya buɗe baki. Mama, Allah ya saka miki da alheri, ya ba yaronki lafiya mai ɗorewa.

Dole in gode wa malamar jinyar da ta riƙe rubutun kowane zama bayan ta taso daga aikin dare, duk da ta ce kada in ambace ta. Haka matasan da suka zauna a kwamitin shaye-shaye suka gyara mana kalamai masu ƙyamatar mai ciwo. Allah ya raya ku, ya tsare ku, ya albarkaci zuri'arku, ya haɗa mu a ladan.

'Yan'uwanmu da suka amsa gayyata amma kujerarsu ta zauna babu kowa, mun yi muku uzuri. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wasunsu ta ofishinku suke fara biyowa. Kwamitin bibiyar yara bayan sallama daga asibiti har yanzu yana jiran wakilinku.