Ƙauyen dusar ƙanƙarar da na koma na tarar babu

Ƙanina ne ya fara nuna min Second Life, duniyar intanet ɗin nan da kamfanin Linden Lab na San Francisco ya buɗe a 2003. Shi hira ce ke kai shi. Ni kuwa da na gano akwai duwatsu da tafkuna da dazuzzuka a ciki, sai na zama ɗan yawon buɗe ido daga kan tabarma.

Ranar farko zumuɗi ya kwashe ni. Na sauke Firestorm, manhajar da ake shiga duniyar da ita, na ɗaga nisan gani har mita 512 don kada komai ya wuce ni. Nan take kwamfuta ta ɗau zafi, fankarta na ta kuka, itatuwa duk toka-toka, ni kaina ba ni da jiki sai wani curin hayaƙi. Ƙanina ya leƙo ya yi dariya, ya ce, "Yaya, mai da shi 96, ka tsaya wuri ɗaya tukuna." Na tsaya. A hankali ganye ya yi kore, ruwa ya fito da sheƙinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wuraren. Fili guda mita 256 ne tsawo, 256 faɗi, amma gwanin gini sai ya karkata hanya, ya ɓoye gada a bayan tudu, ka yi rabin awa kana tafiya kana zaton ka yi nisa. A can mutum na iya tashi sama kamar tsuntsu, amma saboda haka na daina. Mai tashi yana gama wuri a minti ɗaya, bai ga komai ba.

Yanayin kuma na Turai da Amurka ake bi. A Oktoba ganye ya yi ja da ruwan ɗorawa, a Disamba ko'ina fari fat. Wurare irin su Calas Galadhon sukan buɗe filin Kirsimeti na musamman a ƙarshen shekara. Ina zaune cikin ƙurar hunturu, leɓe a tsage, ina kallon dusar ƙanƙara na zuba, har na ji sanyin ya ƙaru.

A wannan Disambar na faɗa wani ƙaramin ƙauye da ba a tallata shi sosai ba. Tafkinsa ya daskare, akwai fitila mai launin zuma a tagar wata bukkar katako, hayaƙi na fita ta rufi. Mai wurin ya tsai da sararin sama a kan almuru, ya sa ƙarar takun ƙafa a kan dusar, ƙurus-ƙurus. Na zauna kan wani benci har aka kira sallar isha'i. Na ajiye alamar wurin, na ce hoto sai wani zuwan, ai ba gudu zai yi ba.

Ashe zai yi. Waɗannan filaye haya ake biya musu duk wata, kuma na lokaci ana kwashe su da zarar lokacin ya wuce. Tsakiyar Janairu na danna alamar, ta ƙi kai ni. Na buɗe taswira, sai shuɗin teku a inda ƙauyen yake.

Tun daga ranar, duk inda na sauka hoto nake fara ɗauka, in rubuta sunan filin da kwanan wata. Na wancan ƙauyen dai ko ɗaya ba ni da shi.