Godiyata Bayan Kammala Digirin Injiniyan Gine-gine

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mini ranar da aka fitar da sakamakonmu na ƙarshe, na ga sunana cikin waɗanda suka kammala digirin farko a fannin injiniyan gine-gine, fannin da ya haɗa gidaje da hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa. Karatun na shekara 5 ne, amma mu da muka shiga a zangon 2018/2019 sai da muka kusan cika shekara 7, domin annobar korona da yajin aikin malamai sun zaunar da mu a gida kusan dukan 2020, sannan yajin aikin 2022 ya sake cin wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na rubuta wannan saƙo ne domin mutanen da suka riƙe ni a tsawon wannan lokaci su san cewa ban manta da ko ɗaya daga cikin alheransu ba.

Baba, kai ne farko. Lokacin da na cike takardar JAMB, 'yan uwa da dama sun ba da shawara, kuma da kyakkyawar niyya, cewa aikin rana da siminti ba na 'ya mace ba ne, gara in nemi aikin jinya ko koyarwa. Ka saurare su duka, sannan ka tambaye ni ko na tabbata abin da nake so ke nan, da na amsa sai ka sa mini albarka, ba ka sake tayar da maganar ba. Umma, da kuɗin adashinki aka sayi allon zanena na aji biyu, da shi kuma aka cika kuɗin kwamfutar da na koyi manhajar zanen gini ta AutoCAD a kanta. Yaya, kai ka riƙa biyan kuɗin rajista a shekarun da ya ƙaru, alhali kana da naka iyalin. Allah ya saka muku da Aljanna Firdausi.

A aji uku na faɗi darasin lissafin nauyin da ginshiƙi da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) ke ɗauka, kuma wannan faɗuwa ta girgiza ni har na fara tunanin sauya fanni. Malamin da ke koyar da darasin ya kira ni ofishinsa, ya duba yadda nake aiki, ya nuna mini cewa matsalata ita ce ina haddace ƙa'idoji ba tare da na fara zana yadda nauyi ke saukowa daga dakin (shimfiɗar kankaren da ake zubawa a saman gini) zuwa bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. Malam, na gode ƙwarai. Na maimaita darasin na ci, kuma har yau ba na taɓa na'urar lissafi sai na yi wannan zane tukuna. Ina kuma gode wa sauran malamanmu, musamman na ɓangaren ruwa, wanda bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya keɓe darasi guda ya bayyana mana abin da mafitar rarar ruwa take yi a madatsa, da dalilin da ya sa kula da ita bayan gini yake da muhimmanci kamar ginin kansa.

Godiyar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ma'aikatan wurin da na yi horon sanin makamar aiki na ɗalibai, wato SIWES, na wata 6 a aji huɗu, inda ake ginin bene mai hawa biyu. A can na haɗu da wani dattijo mai ɗaurin rodi, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, amma tun ranar farko ya kira ni 'yarsa, ya hana kowa ya raina ni. Shi ya ɗaga mini rodin dakin ya nuna mini 'yan ƙananan gutsattsarin kankaren da suke kira biskit, ya ce idan babu su rodi zai kwanta a kan katako, kankare ba zai lulluɓe shi ba, damshi ya same shi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa ginin daga ciki. Na karanta wannan a littafi, amma a hannunsa na gane shi. Shi ya koya mini in tsaya kusa da masu kwaɓi, domin idan rana ta take leburori kan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba, kuma duk ruwan da ya wuce ƙima rage ƙarfin kankare yake yi. A lokacin hunturu kuwa, da iska ke busar da komai cikin sauri, da sassafe yake sa a yi wa dakin ban ruwa, kullum, har tsawon mako guda aƙalla. Baba, Allah ya ja da ranka, ya sa wa zuriyarka albarka.

Ina kuma gode wa injiniyan da ke kula da wurin saboda abin da ya yi a gabana wata safiya. An kawo rodi mai milimita 12 a inda zane ya ce mai 16, ga yashi da tsakuwa an sauke, ga leburori sun taru, amma ya ce ba za a zuba kankare ba sai an canza. Da na tambaye shi daga baya, sai ya sa na yi lissafin da kaina: faɗin bakin mai 16 murabba'in milimita 201 ne, na mai 12 kuwa 113, wato an kusan zubar da rabin ƙarfen ke nan, kodayake a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. An yi asarar yini guda, an kuma ji haushinsa, amma bai janye ba. A ganina wannan safiya ta koya mini abin da ya kai darasin zango guda.

Aikin bincikena na aji biyar a kan ƙarfin bulon siminti ne, don haka ina gode wa masu gidajen bulon da suka bar ni na ɗauki samfuri, da ma'aikatan ɗakin gwaji da suka jure mini ina kai musu bulo da curin kankare ana matsawa a na'ura a kwana na 7 da na 28. Abokan karatuna, waɗanda muka sha rana tare muna safiyo, muka kwana muna zane, Allah ya bar zumunci. Ɗaya daga cikinmu ya rasu kafin mu kai aji biyar, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ga masu taya ni murna suna kirana Injiniya, na gode da wannan fata, sai dai a ƙa'ida ban kai ga sunan ba tukuna, domin hukumar COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ce ke ba da shi, bayan mutum ya yi hidimar ƙasa ya kuma yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi yin rajista. Yanzu ina jiran takardar kiran NYSC, ina roƙon ku taya ni addu'a Allah ya haɗa ni da wurin da zan ci gaba da koyo. Wanda duk ya taimake ni bai ga ambatonsa a nan ba, ya yi mini afuwa, yana cikin addu'ata.

Wassalamu alaikum.