Kishiyoyin da ke ara wa juna kaya

Makon nan na kwashe bayanan wani aikina daga MariaDB zuwa PostgreSQL, manhajoji biyu na adana bayanai, kwana uku ina fama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya warware mini matsalar: mutumin da kullum muke musu, shi ɗan a-mutun MariaDB ne. Ya zauna ya nuna mini yadda pgloader, manhajar kwashe bayanai zuwa PostgreSQL, ke juya teburan bayanai, yana yi yana tsokanata wai zan dawo.

Su kansu manhajojin haka suke. Michael Widenius ya ɓalle da MariaDB daga manhajar MySQL a 2009, lokacin da kamfanin Oracle ke shirin sayen kamfanin Sun, mai riƙe da MySQL. Sunayen MySQL da MariaDB ma daga na 'ya'yansa ne, My da Maria. Rabuwa ce ta ɓacin rai, amma InnoDB, injin adana bayanai na MySQL, shi ne MariaDB ke tafiya da shi har yau, tunda GPL, lasisin da MySQL ke ƙarƙashinsa, ya halatta a ɗauka.

PostgreSQL kuwa, mai asali daga Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, tana iya karanta teburan MySQL, har da na MariaDB, kai tsaye ta wani ƙari da ake ɗora mata mai suna mysql_fdw. Da shi na gwada lissafina kafin in rufe tsohuwar sabar, wato kwamfutar da bayanan ke kai. Ban goge ta ba tukuna dai.