Kankana da baƙar ƙasa: abin da na gani a gonar haya

Har yau idan na tuna kuɗin hayar da na zuba a kan baƙar ƙasar nan ta wajen Ringim, sai raina ya sosu. Gona ce mai fuska biyu: gangarenta laka ce baƙa wuluk ta ɓangaren kogin Haɗeja, tudunta kuma jigawa. A kan lakar muka yi ciniki. Jigawar kuwa mai gona cewa ya yi, "Alhaji, haɗa da ita, ko gero da ƙyar take yi."

Na shuka kankana irin Kaolack sama da ƙasa, na sa kokwamba a tsakiya inda yashi da laka suka gauraya. Injin ban ruwa ɗaya, taki ɗaya.

Da farko lakar ta yi abin kallo, yaɗo kore shar, har masu wucewa suna tsayawa. Sai ga shi in an yi ban ruwa, ruwan ya kwana a fangali. Rana na bugawa kuma ƙasa ta dare, har yatsu su shige. Ganye ya fara yaushi da tsakar rana kamar mai jin ƙishi, yara suka ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Da na tumɓuke guda sai na ga saiwar ta yi duhu, ta yi laushi, tana wari. Saiwar kankana nutsewa take so, tana iya zarce mita 1 in ta samu hanya, kuma tana bukatar iska. A cikin taɓo shaƙewa take yi. 'Ya'yan da suka tsira ma, wasu sun ruɓe ta inda suka kwanta a danshi, wasu sun fashe. Wani dattijo maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Ɗana, ai nan wurin shinkafa ne." Mai gonar ya san haka sarai, bai ce uffan ba.

Jigawar ta ci fetur, ba ƙarya. Ruwa ba ya zama, takin zamani ma wankewa yake yi, dole na riƙa sa shi kaɗan-kaɗan bayan kashin kajin da na zuba tun farko. Amma wajen kwana 80 sai ga kankana jajir, zaƙi har ka. Dillalin da ya zo daga 'Yan Lemo a Kano ya ƙwanƙwasa, ya yanka guda, bai yi dogon ciniki ba. Jigawar ce ta rufe ramin da lakar ta haƙa mini.

Kokwamba halinta daban. Saiwarta a sama-sama take, ba ta jure ƙishi ko na yini. Layukan da suka haura kan yashi sun ba da 'ya'ya lanƙwasassu masu ɗaci, na tsakiya kuwa miƙaƙƙu, muka yi ta tsinka. Akwai wani gurbi da farin kanwa ke fitowa a bakin fangali, nan gefen ganyen ya ƙone, bai ba da komai ba.

Yanzu kafin in biya ko sisi, sai na haƙa rami zuwa gwiwa na cika shi da ruwa. In na dawo da safe na tarar da ruwa, kankana ba ta shiga wurin, ko da a kan kunya ne. Ina kuma jiƙa ƙasa in dunƙula: wadda ta haɗu sannan ta marmashe da ɗan matsi ita nake nema, wadda ta murɗu kamar ta ginin tukunya a bar wa shinkafa. Yashin ma ba a saki jiki da shi. Ka tambayi abin da aka noma bara, domin inda aka jera shekaru ana tumatir, tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli tana nan a ƙasa, kuma kankana da kokwamba duka tana kama su.