Ajiye Butar Nan, Yaro

Ranar Talata bayan sallar asuba na leƙa ta taga, sai na hango ɗan abokina da ya zo karatu birnin Winifeg na Kanada a watan Satumba. Yana tsaye gaban tsohuwar Corolla ɗinsa, hannu ɗaya riƙe da butar shayi tana tururi, ɗaya hannun kuma waya, wai bidiyo zai ɗauka. Sanyi ya kai 28 ƙasa da sifiri. Da silifa na fita ina ƙwala masa kira.

"Kawu, makullin ne ya ƙi shiga, ƙanƙara ta toshe ramin."

Ai na sani, ni na riga shi shan wannan wahalar.

Hunturuna na farko a Kanada ina aikin dare a wani kamfani. Na kai mota wanki da yamma don gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara ya yi mata kaca-kaca. Ƙarfe tara na dare na fito, makulli ya ƙi juyawa. Na koma kicin na tafasa ruwa, na sheƙa a ƙofa. Ta buɗe kuwa! Har na ɗauki kaina gwani. Kuma ku yi mini adalci: ni Bakatsine ne, sanyin da na sani shi ne na hunturunmu, a ɗumama ruwan alwala a hura wuta. Wane mai hankali ne zai ce ruwan zafi ba ya maganin ƙanƙara? Ba wanda ya gaya mini. To, gaskiya wani dattijo maƙwabcina ya ɗaga hannu yana magana, na ɗauka gaisuwa ce.

Da asuba aka tashi aiki na ga ta kaina. Ruwan da na zuba ya gangara cikin ramin makulli da bakin robar ƙofa, ya daskare ya zama dutse. Na cusa makulli da ƙarfin tsiya, na murɗa, na ji ƙas. Rabinsa a hannuna, rabi a ciki. Haushi ya sa na fizgi ƙofar baya, robar ta yage ta maƙale a jikin mota. Gilashin da na watsa wa ruwa kuma ya riga ya tsage tun dare, ban lura ba. Albashin sati guda ya tafi wajen mai gyaran makulli da mai gilashi. Har yau ina cewa laifin masu wankin ne da ba su busar da ita ba. Matata tana cewa laifin mai buta ne.

Ban daddara ba. Na sayi ɗan kwalbar maganin narkar da ƙanƙara, na adana shi da kyau, a ina? A cikin motar. Ranar da na buƙace shi ina kallonsa ta gilashi yana kallona.

Na so in jero wa yaron nan nasiha goma, amma yana ta latsa waya, sai na taƙaita. Ba ruwan zafi, ko kusa. Maganin nan a aljihun rigar sanyi yake zama. In babu, shafa wa makulli sanitaiza, sinadarin da ke cikinta yana narkar da ƙanƙara. Sa a hankali, kada ka murɗa da ƙarfi. Ƙofa in ta manne, danna ta ciki da kafaɗa ƙanƙarar ta fashe kafin ka ja, ko ka gwada sauran ƙofofin. Tun Oktoba a fesa wa robar ƙofa man silikon. Kada ka gasa makulli da wuta, na zamani akwai 'yar na'ura a kansa, za ta lalace. Ni dai ina gasa na tsohuwar motata da ashana, amma ni ne, ba kai ba.

Ya ce wai ya gani a TikTok ana yi da ruwan ɗumi. Ruwan ɗumin ba ruwa ba ne? 'Yan yanzu sai wani baƙo a waya ya faɗa kafin su yarda.

Na ɗiga masa maganin, makulli ya juya. Yana shiga ya leƙo ya ce, "Kawu, ina ake wankin mota mai araha a nan kusa?"